Wa Ke Biyan Lauya Idan An Maka Jami'in Gwamnati A Kotu Kan Filin Hukuma?

Shugaban makarantar sakandare ya wayi gari ya ga ana haƙa harsashin gini a bayan ajujuwa, a wurin da kowa ya sani filin ƙwallon yara ne. Ya hana magina, ya kira 'yan sanda, aka tsayar da aiki. Bayan mako uku sai ga ma'aikacin kotu da sammaci, sunan malamin ne a sama, ana neman diyyar miliyoyin naira saboda wai ya shiga filin wani ba izini. Irin wannan sammaci yana samun jami'in gandun daji da ya kori masu noma a cikin gandu, da daraktan filaye da ya sa hannu a takardar soke mallaka, da injiniyan da ya shafa jan fenti a gini da ya toshe magudanar ruwa. Tambayar farko da kowannensu ke yi ita ce: wa zai biya lauya?

Gwamnati ce ya kamata ta biya, matuƙar abin da mutumin ya yi aikin ofishinsa ne kuma ya bi ƙa'ida. Filin ba nasa ba ne. Ko ya ci shari'ar ba zai gaji taku ɗaya a ciki ba. Idan aka bar shi ya sayar da motarsa ya ɗauki lauya, duk ma'aikacin da ya ga abin da ya same shi zai kau da kai a gaba, kuma da haka ne filayen makarantu da maƙabartu da burtali ke salwancewa. Sai dai sharaɗin nan na “aikin ofis” da “bin ƙa'ida” shi ne inda duk rikicin yake, kuma a Najeriya sau da yawa ana juya shi baibai: ƙaramin ma'aikacin da ya yi daidai a bar shi shi kaɗai, babban da ya take doka kuma baitulmali ya ɗauke masa komai.

A fara da duba yadda aka rubuta sunan wanda ake ƙara, domin nan ne shari'ar ke rabuwa gida biyu. Idan an rubuta “Kwamishinan Filaye” ko “Gwamnan Jiha” ko “Antoni Janar”, kujerar ake ƙara. Ko an sauya mai riƙe da ita gobe, shari'ar na nan a kan wanda ya gaje shi, kuma duk abin da kotu ta yanke daga asusun hukuma zai fita. Hatta kariyar da sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu ba ta hana wannan ba, don ƙaramin sashe na 2 ya fito fili ya ce ana iya ƙarar su a shari'ar da ba ta laifi ba a matsayin masu riƙe da ofis. Idan kuwa sunan yanka aka rubuta, mutumin ne da kansa ake nema, kuma in hukunci ya faɗa masa, albashinsa da gidansa ne a kan layi. Lauyoyin masu ƙara sun san haka, shi ya sa suke haɗa duka biyun: su sa ma'aikata don a samu inda kuɗi yake, su sa sunan jami'in don ya tsorata.

Da can ba haka abin yake ba. Najeriya ta gaji ƙa'idar Ingila ta cewa ba a kama gwamnati da laifin ɓarnar da ma'aikatanta suka yi. Bayan sojoji sun ƙona gidan Fela Kuti na Kalakuta a Legas a watan Fabrairun 1977, iyalan gidan sun bi shari'a har Kotun Ƙoli, kuma a 1985 kotun ta ce ba za a ɗora wa gwamnati alhaki ba, saboda abin ya faru ne kafin kundin 1979 ya kawar da wannan kariya. Tun daga wancan kundi ƙofa ta buɗe, ana ƙarar gwamnati kamar kowa, kuma ita ke ɗaukar nauyin abin da ma'aikacinta ya yi a bakin aiki.

Wanda ke tsaya wa gwamnati a kotu shi ne Antoni Janar: sashe na 150 na kundin 1999 ya kafa na tarayya, sashe na 195 ya kafa na kowace jiha. A ƙarƙashinsa akwai lauyoyin ma'aikatar shari'a, musamman sashen da ke kula da ƙararrakin da ba na laifi ba. Waɗannan 'yan albashi ne, don haka jami'in da suka tsaya wa ba ya biyan ko kwabo na aikin lauya. Amma ba sa zuwa da kansu. Sai an kai musu.

Ranar da sammaci ya iso, jami'in ya rubuta kwanan wata da lokacin da ya karɓa a bayan takardar, ya yi kwafi ya ajiye. A ranar, ko washegari in ya yi nisa, ya rubuta wa shugabansa takarda ya haɗa da sammacin, ya tabbatar an buga masa hatimin karɓa a nasa kwafin. Daga nan babban sakatare ko sashen shari'a na hukumar ya aika wa ma'aikatar shari'a, tare da bayanin abin da ya faru daki-daki da fayil ɗin filin. Gaggawar tana da dalili. A Babbar Kotun Tarayya kwana 30 ne wanda ake ƙara ke da shi ya bayyana. In kuwa ƙarar ta take haƙƙin ɗan'adam ce, ƙa'idojin 2009 kwana 5 kacal suka ba da a mai da martani, kuma masu rigimar rusau sun fi son wannan hanya saboda saurinta. Takardar da ta yi mako biyu tana yawo daga tebur zuwa tebur ta riga ta makara. Shari'o'in gwamnati masu yawa an rasa su ne don ba wanda ya je kotu, alƙali ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke, alhali hujja tana kulle a cikin kabad. Bayan hukunci ma agogo na tafiya: kwana 14 na ɗaukaka ƙara kan umarnin tsakiyar shari'a, wata 3 kan hukuncin ƙarshe.

Abin da lauyan gwamnati ke buƙata a fayil ya wuce takardar mallaka. Yana son taswirar safiyo mai lambobin duwatsun iyaka, da sanarwar gazet in an taɓa karɓar filin don amfanin jama'a, da takardun biyan diyya ga masu gonakin asali da sa hannunsu ko dangwalen yatsa, da umarnin da aka bai wa jami'in a rubuce. Kuma Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda da kwafin takardar hukuma ba sai wanda aka tabbatar: mai ajiyar takardar ya rubuta cewa kwafi ne na gaskiya, ya sa suna da muƙami da kwanan wata, da hatimi in yana da shi. Hoton takarda da aka yi a shagon bakin titi, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi ya ƙalubalance shi, alƙali ya ajiye shi gefe. Makarantu da asibitoci da yawa da aka gina shekaru hamsin da suka wuce ba su da ko taswira, dogaronsu kawai kowa a gari ya san iyakar. Ranar da dattawan da suka sani suka ƙare, mai takardar awon igiya ta bara ya fi su abin nunawa.

Idan aka ce “kuɗin shari'a”, abu huɗu ne mabambanta ake cakuɗawa, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai ladan lauya. Akwai kuɗin gudanar da shari'ar: kai takardu, tabbatar da kwafi, ɗaukar safiyo ya sake awo, kai shaidu kotu, kai alƙali ganin wurin da ake rigima, haɗa kundin ɗaukaka ƙara. Akwai abin da alƙali ke yanka wa wanda ya faɗi ya bai wa wanda ya ci a matsayin ɗawainiya. Sai na huɗu, diyya da kuɗin ruwan da ke hawa kanta.

Na biyun nan, mafi ƙanƙanta a cikinsu, shi ya fi kashe shari'a. Lauyan gwamnati yana da albashi, amma in shari'ar tana wata babbar kotu mai nisan kilomita 200 daga hedikwata, sai an ba shi na mota da na kwana. Ma'aikatar shari'a ta ce hukumar da ake ƙara ce za ta biya, hukumar ta ce ba a saka mata a kasafi ba. Ana cikin wannan ja-in-ja sai jami'in da sunansa ke kan sammaci ya fara zaro na aljihunsa, ba rasit, ba takardar amincewa, daga baya ya nemi a mai da masa a ce ba a san zancen ba. Ƙa'idar da ya kamata kowane ma'aikaci ya riƙe ita ce kada ya kashe sisi, kada kuma ya ɗauki lauya mai zaman kansa, sai da amincewar babban sakatare a rubuce. Sashe na 80 da na 120 na kundin tsarin mulki sun hana fitar da kuɗi daga asusun tarayya ko na jiha ba tare da majalisa ta amince ba, don haka akanta ba shi da inda zai rataya biyan da ba a nemi izininsa tun farko ba.

Kada kuma a yi zaton cin shari'a zai dawo da abin da aka kashe. Ɗawainiyar da kotunan Najeriya ke yankewa yawanci ba ta kai rabin abin da ya tafi ba, kuma a shari'ar kamfanin Guinness da Nwoke a 2000 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙi yarda mutum ya ɗora wa abokin shari'arsa ladan lauyansa. An samu hukunce-hukunce daga baya da suka sassauta in an roƙa an kuma kawo hujjar biya, amma ba abin dogaro ba ne.

Akwai garkuwar da lauyoyin gwamnati ke fara ɗagawa, wato Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda asalinta tun zamanin Turawa a 1916, kuma jihohi da dama suna da irinta. Sashe na 2 ya ce duk mai ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki ya shigar cikin wata 3, in ya wuce ƙarar ta mutu. A shari'ar Ibrahim da Hukumar Kula da Ma'aikatan Shari'a ta Jihar Kaduna a 1998, Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa da hukumomi, ba ɗaiɗaikun mutane kaɗai ba. Tarkon shi ne kotuna sun daɗe da cire abubuwa daga ƙarƙashinta: neman dawo da fili, saɓa kwangila, da neman ladan aikin da aka yi. Rigimar fili ke nan, ainihin abin da muke magana a kai, garkuwar ba ta rufe ta. Ba ta kuma aiki a ƙarar take haƙƙin ɗan'adam, don ƙa'idojin 2009 sun ce wa'adi ba ya kashe irin wannan ƙara. Haka nan ba ta kare wanda ya yi abu da mugun nufi ko ya wuce hurumin ofishinsa. Lauyan da ya jingina da ita kaɗai bai shirya hujjar mallakar filin ba, zai ɓata shekara biyu yana gardamar hurumin kotu, a ƙarshe a dawo da shi farko. Haka ma sanarwar da dokokin wasu hukumomi ke wajabta a ba su kafin a kai su ƙara, galibi ta wata ɗaya: in lauya bai tayar da maganar da wuri ba, Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Mobil da hukumar kare muhalli ta Legas a 2002 cewa an yafe ta ke nan.

To yaya ake gane jami'in da ya cancanci a tsaya masa? Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sauƙaƙa awon. Sashe na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallaka saboda buƙatar jama'a, amma da sharuɗɗa: jami'in da gwamna ya ba izini ne zai sa hannu, kuma dole a bai wa mai filin sanarwa ta hanyoyin da sashe na 44 ya lissafa. Sashe na 29 ya wajabta diyyar gini da amfanin gona, sashe na 44 na kundin tsarin mulki kuma ya ce a biya ba da jinkiri ba, a bar mutum ya je kotu in bai gamsu ba. Jami'in da ya bi waɗannan matakai, ko da kotu ta ce ya yi kuskure wajen fahimtar doka, haƙƙinsa ne a kare shi har ƙarshe. Wanda ya soke takardar wani da sunan za a gina asibiti sannan filin ya ɓulla a hannun surukinsa, wannan ba aikin ofis ya yi ba, kuma ba dalilin da zai sa kuɗin jama'a su biya masa lauya. Haka wanda ake tuhuma da laifin sayar da kadarar gwamnati: Antoni Janar ne ke da ikon gurfanarwa a sashe na 174 da na 211 na kundin tsarin mulki, ba zai yiwu ofis ɗaya ya tuhumi mutum kuma ya biya mai kare shi ba.

Mafi tsadar kuskure shi ne hukuma ta yanke wa kanta hukunci. A 1986, a rigimar gwamnatin Legas da Odumegwu Ojukwu kan wani gida a Ikoyi, an tura jami'an tsaro sun fitar da shi alhali maganar tana gaban kotu, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron buƙatar gwamnati, ta yi tir da abin da kakkausar murya. Darasin bai shiga ba. A watan Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe shagunan Filin Idi, bisa hujjar cewa filin na jama'a ne kuma ba bisa ƙa'ida aka yanka shi ba. Hujjar tana da nauyi, mutane da yawa a birnin ma sun yarda da ita. Amma 'yan kasuwar sun je Babbar Kotun Tarayya da ƙarar take haƙƙi, kuma a watan Satumba kotun ta yanke diyyar naira biliyan 30. Aka bi asusun jihar a bankuna, daga bisani a watan Disamba aka yi sulhu a kan biliyan 3. Da an ba da sanarwa, an saurari masu shagunan, an nemi kotu ta fara bayyana cewa rabon filin haramtacce ne, ladan lauyoyin da za a kashe ba zai kai ko kusa da wannan ba. Kuɗin kuwa daga baitulmalin jiha ya fita, wato daga aljihun mutanen da aka ce don su aka yi rusau ɗin.

Akwai wurin da gwamnati ba ta iya ɗauke wa jami'i komai, shi ne raina kotu. Idan aka ba da umarni aka ƙi bi, mai ƙara yana sa a kai wa jami'in Fom 48, gargaɗin abin da zai biyo baya, sannan Fom 49, kiran ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a ɗaure shi. Ɗauri ba a yi wa kujera. A ƙarshen shekarar 2022 wata kotu a Abuja ta ba da umarnin a kai shugaban EFCC na lokacin, Abdulrasheed Bawa, gidan yarin Kuje saboda rashin mai da mota da naira miliyan 40 ga wani tsohon hafsan sojin sama, kodayake kotun ta janye umarnin bayan 'yan kwanaki. Ƙaramin ma'aikacin da maigidansa ya ce masa da baki “ci gaba da aiki, ni na sa ka” bayan kotu ta ce a dakata, ya sani sunansa ne zai hau fom ɗin. Ya nemi a rubuta masa. Yawancin masu ba da irin wannan umarni ba sa yarda su rubuta.

Ɗaukar lauyoyi masu zaman kansu wani fage ne da kuɗi ke zurarewa. Wani lokaci dole ne: shari'a a ƙasar waje, ko mai sarƙaƙiyar da ta fi ƙarfin ma'aikata. Ƙa'ida ita ce a nemi amincewar Antoni Janar, a rubuta yarjejeniya kafin a fara, a fayyace ladan kowane mataki daga babbar kotu zuwa Kotun Ƙoli, a kuma guji biyan kaso cikin ɗari na darajar kadarar, don filin da ya kai biliyan 10 ba ya nufin aikin lauya ya ninka na filin miliyan 100 sau ɗari. Shari'ar Najeriya da kamfanin P&ID ta nuna fuska biyu na lamarin. Kwangilar gas ce ta 2010 da ba a aza ko bulo ɗaya ba, amma saboda raunin kariyar da aka yi wa Najeriya a gaban masu sasanci a Landan, a 2017 aka yanke mata dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai da shi sama da biliyan 11. Da aka tashi tsaye aka ɗauki ƙwararru, a watan Oktoban 2023 babbar kotun Ingila ta gano an samu hukuncin ta hanyar zamba da cin hanci. Najeriya ta ce ta kashe sama da fam miliyan 44, kotun kuma ta umarci kamfanin ya fara biyan miliyan 20. Kuɗi ne masu yawa, amma a gefen biliyan 11 kowa ya ga inda arha take. Rigimar kamfanin Zhongshan na China kuwa jami'an Jihar Ogun ne suka jawo ta da korar kamfanin daga yankin ciniki a 2016, amma gwamnatin tarayya aka kama, har wata kotun Faransa ta tsare jiragen fadar shugaban ƙasa uku a watan Agustan 2024 kan bashin kusan dala miliyan 70.

A cikin gida, wanda ya ci gwamnati a kotu yana da sauran tafiya. Sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati ba a kama su sai da yardar Antoni Janar, wato sai ka roƙi lauyan wanda ka kayar ya ba ka izinin karɓar haƙƙinka. Kotun Ƙoli ta rage kaifin wannan a shari'ar Babban Bankin Najeriya da kamfanin Interstella a 2017, amma sashen na nan. Wasu jami'ai suna ɗaukar sa a matsayin mafaka, suna cewa ai ko an yanke ba za a biya ba. Bashin ba ya mutuwa, ruwa yake tarawa, kuma gwamnati mai zuwa ce za ta same shi ya ninka.

Abin da ya ɓace a tsarin shi ne tantancewa a farko da bin sawu a ƙarshe. Kowace jiha tana iya fitar da takardar umarni mai shafi biyu: duk jami'in da aka kai ƙara kan kadarar hukuma, ma'aikatar shari'a ta duba fayil cikin mako guda ta ba shi amsa a rubuce, ko an karɓi kariyarsa ko an ƙi da dalili. A ware kuɗin gudanar da shari'a a kasafin ma'aikatar shari'a kanta, kada lauya ya dogara da alherin hukumar da yake karewa. Jami'in ya sa hannu cewa in kotu ta same shi da mugun nufi ko cin amanar ofis, zai mai da abin da aka kashe masa. Dokokin kuɗi na gwamnati sun riga sun tanadi cire asara daga albashin wanda ya jawo ta, kuma babban mai binciken kuɗi yana da ikon kai rahoto ga majalisa a ƙarƙashin sashe na 85 da na 125 na kundin tsarin mulki. Duk diyyar da aka biya saboda rusau ko soke mallaka ba bisa ƙa'ida ba, ya kamata ta fito a wannan rahoto da lambar shari'ar, da adadin kuɗin, da muƙamin wanda ya ba da umarnin.